Surukin da Verna Ba Ta Yarda da Shi Ba

Garinmu Erie ba shi da babbar ƙungiyar ƙwallon Amurka tasa, sai dai ya faɗo a tsakiyar garuruwa uku masu ita: Buffalo, Cleveland da Pittsburgh. Saboda haka a layinmu idan baƙo ya tare, ba a gaggawar tambayarsa inda yake aiki. Jira ake kakar wasa ta kama, a ga tutar da zai rataya a baranda ranar Lahadi. Ni gidanmu 'yan Buffalo ne tun kakana. Gidan da ke kallon nawa kuwa, na Verna Dombek, tutar Cleveland ce a kansa, ta koɗe har ba a gane launinta.

Verna ta yi aikinta duka a wani babban kanti da ke tsakiyar gari, a teburin da ake karɓar kayan da mutane suka saya suka dawo da su. Mace za ta kawo riga ta rantse ba ta taɓa sa ta ba. Verna za ta juya rigar, ta kai hammatar kusa da hancinta, ta sauke tabarau, ta dubi matar ta ce, "To." Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. Wannan "to" ɗin kaɗai ya sa mata da yawa sun naɗe rigarsu sun koma gida.

Mijinta Stash walda yake yi a masana'antar kan jirgin ƙasa, kuma shi ya koya mata ƙwallo. Tun suna saurayi da budurwa yake ɗaukarta a mota zuwa tsohon filin Cleveland da ke bakin tafki, su zauna cikin iska mai yanka fuska suna kallon ƙatti cikin kwalkwali suna ture juna. Daga baya aka ɗauke ƙungiyar ɗungurungum aka kai ta wani gari. A rediyo suka ji. Stash ya riƙa zama ranar Lahadi a gaban talabijin a kashe, kuma kafin a dawo wa Cleveland da ƙungiya ya rasu. Likita ya ce zuciya ce. Verna ta dube shi ta ce, "To."

Da ƙungiya ta dawo ta kama kujeru biyu a sabon fili, ɗaya tata, ɗaya ta duk wanda ta ga dama. Amma ba ta ƙara yarda da kowa a harkar ba. Ba ta yarda da masu sharhi a rediyo ba, ba ta yarda da alƙalan wasa ba, balle kwatabak, mai jefa ƙwallon nan da duk wasa ke hannunsa. Shekarun nan an yi ta sauya su, ita kuwa ba ta wahalar da kanta wajen riƙe sunayensu. "Na bana" take kiran kowanne.

"Na bana murmushinsa ya yi yawa, Arlene," in ji ta, tana share ganyen da ya zuba a ƙofar gidanta. "Mutumin da ya san abin da ke jiransa ba ya irin wannan murmushin."

Wani kuma ta ce daga gari mai zafi ya zo, a jira Disamba a ga ko yatsunsa za su iya riƙe ƙwallo. Wani ta gan shi yana tallan katifa tun bai ci wasa ko ɗaya ba, daga ranar ta sallame shi. Ni tana zama da ni lafiya duk da ni 'yar Buffalo ce. Ta ce aƙalla ni na rataya tutata kowa ya gani.

'Yarta ɗaya ce, Colleen. Ta yi karatun jinya a Pittsburgh, ta dawo tana aiki a wani asibiti a nan. Ita ba ruwanta da ƙwallo, haka kowa ya sani. Ranar Lahadi idan ta zo gidan uwarta, kicin take shigewa ta yi ta naɗa pierogi, wato kwaɓaɓɓiyar fulawa da ake cusa wa dankali a dafa, mu muna falo muna fama da talabijin.

Wata Lahadi a watan Satumba ta zo da saurayi. Sunansa Curtis Hollenbeck, dogo, mai sanyin magana, gyaran injin ɗumama gida yake yi. Ya shigo sanye da rigar Cleveland, ya miƙa wa Verna furanni.

Verna ta karɓi furannin, amma rigar take kallo.

"Daga ina kake, ɗan nan?"

Ya faɗi sunan wani ƙaramin gari da ke kudu da mu, a kan hanyar Pittsburgh.

"Can ai duk baƙi da rawaya na Pittsburgh suke sawa."

"Yawanci dai, Mama. Ni kuwa Cleveland nake yi."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Ya kake ganin na bana?"

Fuskarsa ta washe. "Yaron nan akwai hannu, Mama. Ni dai ina ganin bana mu za mu ɗauki kofi."

Verna ta sauke tabarau. Colleen ta leƙo daga kicin ta ce abinci ya sauka.

Washegari da safe ina fitar da shara ta tsallako titi da rigar barcinta.

"Kin ga rigar?"

"Na gani. Ta yi masa kyau."

"Layin ninki yana nan a ƙirji da hannu. Hudar da aka cire takardar farashi tana nan a wuya. Rigar nan ba ta taɓa shiga ruwa ba, Arlene. A hanya ya saye ta."

"To ko tsohuwar ta yage ne ya sayi sabuwa don ya burge ki?"

"Kuma wane ɗan Cleveland na gaskiya ne zai shigo gidan mutane ya ce bana za mu ɗauki kofi? Mu ba ma faɗin haka. Ko mun ji shi a ranmu, haɗiyewa muke yi. Wannan ko dai bai san mu ba, ko dai dariya yake mana."

Na ce mata ta bar yaro ya sha iska, ai ba ƙungiya Colleen za ta aura ba. Ta ce ita ba ta hana kowa aure ba, so take kawai ta san wanda ke zaune a kujerar mijinta.

An yi auren a bazarar da ta biyo. Verna ta yi rawa, ta yi kuka, ta sumbaci ango a kumatu. A wajen cin abinci ta zungure ni da gwiwar hannu. Curtis ya buɗe burodinsa, ya kwashi soyayyen dankali ya jera a kan naman, ya rufe, ya kai baki.

"Su waye ke cusa dankali a cikin burodi?" ta tambaye ni a kunne.

Na san amsar, kowa ya sani. Mutanen Pittsburgh ne.

Daga nan ta shiga yi masa tambayoyi, a hankali, kamar hira. Tana miƙa masa kofi za ta ce, ina kake ranar da ƙwallo ya kuɓuce mana a bakin layi, shekarar da saura ƙiris mu kai wasan ƙarshe? Curtis ya ce yana yaro lokacin. Ta ce Colleen ma tana yarinya, amma ta tuna ubanta ya jefa takalmi ya fasa fitila. Wani lokacin ya ba da amsa daidai, har da lambar rigar ɗan wasa. Wannan ma bai kwantar mata da hankali ba. Ta ce amsar ta fito sumul kamar ta ɗan makarantar da ya kwana yana hadda.

Har ni ta saka a ciki. Da sanyi ya fara, injin gidana ya riƙa ƙara, ta ce in kira Curtis, kuma in leƙa motar aikinsa in ga tashar da rediyonsa ke kai. Na ji kunya, amma na leƙa. Tashar Cleveland ce, ana ta musu a kan ko a ajiye kwatabak ko a bar shi. Na kai mata labari ina murna.

"Darasi yake ɗauka," in ji ta.

Ta tafi da shi fili sau ɗaya a wannan kakar. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ya sayo mata koko mai zafi, ya riƙe mata hannu a matakala. An ci su. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, a hanyar dawowa, dusar ƙanƙara na zuba, yana tuƙi yana fito.

"Fito, Arlene. An ci mu a gida, mutum yana fito. Stash idan aka ci mu sai ranar Laraba yake magana."

"Wataƙila haka Allah ya yi shi, mai sauƙin rai."

"Babu mai sauƙin rai a cikinmu."

Sai maganar tawul. Wata Asabar ya kai ta cefane a motarsu ta gida. Da ya buɗe but zai saka kaya, ta hango wani abu rawaya a cuse a gefen tayar safaya. Ta ja shi. Ƙaramin tawul ne irin wanda 'yan Pittsburgh ke kaɗawa a sama idan ƙungiyarsu ta ci. Ba sabo ba ne. Ya sha wanki har gefensa ya fara zare.

"Na mene ne wannan?"

Ta ce kunnuwansa suka yi ja. Ya ce na goge gilashi ne, a motar ya same shi.

Ta ninke tawul ɗin ta mayar inda ta gan shi. Amma da ta zo gidana da yamma ba murnar wanda ya kama ɓarawo na gani a fuskarta ba. Ta zauna ba ta cire kot ba, ta ce ita da tun farko ya shigo da rigarsa baƙa da rawaya, da ta yi masa tsiya ta ba shi abinci, shi ke nan. Abin da ba ta so shi ne mutum ya zauna a falonta yana yin kamar abin ya dame shi, alhali a cikinsa daɗi yake ji. Kuma idan ya iya wannan ƙaryar duk Lahadi, wace ce kuma yake yi wa 'yarta?

Na ce ta tambayi Colleen mana. Ta ce yarinyar ba ta san komai a ƙwallo ba, ko a gabanta ya kaɗa tawul ɗin za ta ɗauka ƙuda yake kora.

A watan Disamba Cleveland za ta je Pittsburgh wasa da rana. Verna ta gayyace mu duka. Da na shiga na tarar ta sauya zaman kujeru. Ta ba Curtis doguwar kujera a gaban talabijin, ita kuma ta koma gefe, inda idan ta ɗaga ido za ta ga fuskarsa a gilashin kabad ɗin kwanuka ba tare da ta juya ba. Ni ta ce in kula da ƙafafunsa. Ta ce fuska tana iya ƙarya, amma ƙafa idan mutum ya ji daɗi sai ta motsa.

Colleen ta gaishe mu ta shige kicin kamar kullum. Akwai wata 'yar ƙaramar talabijin a kan firij da Verna ke kallon labarai da safe, muna jin sautinta ƙasa-ƙasa.

Wasan ya yi zafi. Na bana, wanda Verna ta ce ba zai kai Kirsimeti ba, ranar kamar an sauya shi. Jifa biyu ya yi masu kyau, duka aka cafe a bayan layi aka ci maki. Curtis ya riƙa tsalle yana dukan cinyarsa. Verna ba ta kalli wasan ba sai jefi-jefi, idonta na kan gilashi. Saura kaɗan a tashi Cleveland na gaba da maki biyu, ƙwallo kuma na hannun Pittsburgh. Suka riƙa matsowa, suna matsowa. A daƙiƙar ƙarshe mai bugunsu ya fito, ya buga daga nesa, ƙwallo ya bi iska ya ratsa tsakanin sanduna. Maki uku ke nan, Pittsburgh ta cinye wasa.

Ina kallon ƙafafun Curtis. Ba su motsa ba. Ya zame a kujera, ya rufe fuska da hular da ke hannunsa.

Daga kicin sai muka ji an daki tebur da tafin hannu, cokula suka yi ƙara, aka ce, "Yawwa."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba. Amma gidan ƙarami ne.

Verna ta daɗe a zaune. Sannan ta dafa hannun kujera ta tashi, ta nufi kicin, ni da Curtis muna biye. Colleen na tsaye da garin fulawa a hannu, ta kasa ɗaga ido.

"Tawul ɗin naki ne," in ji Verna.

"Nawa ne, Mama."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarata ta farko a makarantar jinya."

"Kin fi shekara goma kina shigowa gidan nan kina naɗa mini pierogi."

"Me zan ce miki? Baba ya rasu, ke kuma ƙungiyar nan ce kaɗai abin da ya rage miki nasa." Ta goge hannu a jikin riga. "Mama, ni na taso ban san ana dariya ranar Lahadi ba. Da na je can, abokan karatuna suka ja ni kallo, aka ci, kowa ya rungume kowa, aka fita titi. Na ce ashe haka ma ana yi. Ban yi niyya ba. Shiga raina kawai ya yi."

Verna ta juya ga surukinta. "Kai kuma fa?"

Curtis ya murza hularsa. "Ni gaskiya, Mama, kafin in haɗu da Colleen ban taɓa kallon wasa daga farko har ƙarshe ba. Kamun kifi nake zuwa ranar Lahadi. Ita ta ce ba a shiga gidanki hannu rabbana, dole mutum ya zo da ƙungiya, kuma gara ta zama taki. A hanya muka tsaya na sayi rigar."

"Na sani."

"Amma yanzu da gaske nake. Ban san lokacin da abin ya kama ni ba. Yanzu haka cikina ciwo yake."

"To me ya sa kake ta cewa bana za mu ɗauki kofi?"

"A rediyo na ji ana faɗa. Na ɗauka haka ake cewa."

"A watan Agusta ake cewa, kafin a fara wasa," in ji Verna. "Kuma 'yan rediyo biyansu ake yi."

Ta kashe 'yar talabijin ɗin, ta ce a zuba abinci kada ya huce. Muka zauna muka ci. Da za su tafi Colleen ta matso za ta rungume ta, Verna ta miƙa mata kwanon ragowar pierogi a tsakaninsu.

Ba ta kira 'yarta a waya ba har Kirsimeti ta matso. Ni ma ban tsira ba. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata, a rana ta uku ta tsallako ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na rantse mata ban sani ba. Ta ce ai 'yan Buffalo da 'yan Pittsburgh ba sa rasa abin da suke ƙullawa. Ranar Kirsimeti dai suka zo, aka je coci tare. Da aka dawo Verna ta ce wa Colleen daga yau ta daina ɓuya a kicin, ta fito falo ta zauna inda za a riƙa ganinta, amma tawul ɗin ya tsaya a mota.

Haka aka koma yi. Ranar da ƙungiyoyin biyu suka haɗu, uwa a wannan gefe, 'ya a wancan, suna jifan juna da magana. Colleen ta ce kwatabak ɗinku ko ƙofar gareji aka buɗe masa ba zai iya jefa ƙwallo ciki ba. Verna ta ce naku ai da alƙalan wasa yake cin abincin dare. Ban taɓa jin hayaniya irin wannan a gidan ba tun Stash na da rai.

Curtis kuwa ba ta taɓa ba shi haƙuri ba. Kujerarta ta biyu a fili dai ta zama tasa, ba ta ƙara gayyatar kowa ba, har ni. Na ɗauka magana ta ƙare. Sai wata rana da bazara muna zaune a barandarta ta ce, "Arlene, kin san na yi ta tunani. Wa ya tabbatar mana tawul ɗin na Colleen ne?"

"Ita ta faɗa da bakinta."

"Mace za ta iya ɗaukar laifin mijinta. Ta san ni ba zan kore ta ba. Kuma dankalin nan da yake cusawa a burodi, har yau ba wanda ya yi mini bayaninsa."

Na ce mata ko dai ta sha shayinta ko in koma gida.

Yanzu Verna ta haura tamanin, gwiwa ta hana ta hawa matakalar fili. Curtis ke zuwa da wani abokin aikinsa, idan ya dawo sai ya biyo ta gidanta ya ba ta labarin abin da talabijin ba ta nuna ba: wa ya yi ɗingishi a gefen fili, wa ya ƙi zama kusa da koci. Ya yi furfura, ya daina fito. Idan aka ci su, Colleen ta ce sai ta yi da gaske yake cin abinci.

A watan Afrilun da ya wuce ƙungiyar ta ɗauko wani sabon kwatabak daga jami'a, gari ya ɗauka, kowa na cewa an samu mai ceto. Curtis ya zo duba mata famfon kicin, ya fito baranda yana goge hannu, ni da ita muna zaune. Na tambaye shi yadda yake ganin yaron.

"Ban yarda da shi ba," in ji shi. "Tafin hannunsa ƙarami ne. Kuma na ga hirar da aka yi da shi, duk tambayar da aka yi masa sai ya kalli gefe kafin ya amsa. A bari sanyi ya sauka tukuna."

Ya sumbaci Verna a goshi, ya shiga mota ya tafi. Ta bi motar da ido har ta sha kwana.

"Kin ji shi ko?" ta ce. "Kwanan nan duk abin da nake shirin faɗa, sai ya riga ni. Ki riƙa lura da shi."